Gadon da ke Naɗewa Cikin Bango

Noreen ta shimfiɗa zanen gidan da ta samo musu a birnin Seattle, ɗaki biyu da falo. A ƙaramin ɗakin har ta zana gadon jariri da fensir.

Saurayinta Wendell ko kallo bai yi ba. Ya turo mata nasa zanen, na ɗakunan nan da ake ƙerawa a masana'anta, a jera kamar akwatuna.

"Gadon naɗewa yake cikin bango," ya ce.

"Ni kuma a wane bangon za ka naɗe ni? Mutum nawa aka yarda su zauna?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗaya. Na riga na sa hannu a takardar kama ɗakin."

Ta juya fensirin, ta fara goge gadon jaririn a hankali, ko zai ce ta bari. Har ta gama bai ce ba.