Gicciyen Bana

Gicciyen ya ƙi ɗaguwa. Ya sake sa kafaɗa, ya yi nishi, katakon ko gezau.

Shekara tara shi ke fitowa a matsayin Yesu a wasan Ista na cocinsu, kuma wannan kafintan na Gwammaja ne ke haɗa masa gicciye duk shekara. Bara fasto ya ja shi gefe, ya ce jiki haikalin Allah ne, amma nasa haikalin ya fara cin filin maƙwabta. Ko dai tumbin ya tafi, ko a mayar da shi Bilatus, mai zaman kujera.

Wata biyar yana hawa Dutsen Dala da sassafe yana rera zabura. Ya rabu da lemon kwalba, wando ya fara zamewa. Ga shi jibi ne wasan, yau ya zo shagon kafintan karɓar gicciyen.

"Malam, me ka sa a ciki? Ƙarfe?"

Kafintan ya ce, "Maɗaci ne zalla."

"Na da fa? Da hannu ɗaya nake ɗaga su, da ikon Ubangiji!"

"Da ikon iska dai, maigida. Holoƙo nake yi maka, don kada ka kife a gaban mata. Bana kullum sai in ga ka wuce a guje kamar ɗan dambe, na ce to, bawan Allah ya isa a ba shi na gaske."

Kafintan ya koma kan randarsa ta goge katako.

"Ɗauka mana. A labarin naku ma ai ba a rage masa ba."