Baƙin Ruwan Kamfanin Fata

Kwana da kwanaki Safara'u ba ta da sukuni. Tun da aka ce ma'aikatan awon ruwa na gwamnati za su sake zuwa, tana suyar ƙosai a mararraba amma idonta na kan titin Gezawa. Mota ta taho, gabanta ya faɗi. Mota ta wuce, ta sauke ajiyar zuciya, ta juya ƙosan da ya kusa ƙonewa.

Maganar dai ta bututun kamfanin fata ce, wanda ke bayan gari. Gwamnati ta ba su lasisin zubar da ruwansu a rafi, da sharaɗin su tace shi tukuna. To, tacewar nan Allah ne masani. Baƙi ƙirin yake fitowa, ga kumfa, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma da shi kowa ke ban ruwa, don rafin kansa tun kaka yake ƙafewa. A shekarun nan da taki ya fi ƙarfin talaka, latas da alayyahon lambu ne ke riƙe da gidaje har damina ta faɗi.

Sai dai awaki sun fara mutuwa. Asiya, 'yar autar Safara'u, da ke tsallaka rafin zuwa makaranta, ƙafafunta sun yi gyambo. Kullum uwar ta wanke, ta shafa magani, ta juya baya ta share hawaye.

Mijinta Ɗanliti ne ya ja gaba aka kai kuka ofis. Ma'aikata suka zo ba sanarwa, amma da aka je bakin bututu, ruwa garai-garai kamar na rijiya. Suka ɗiba, suka auna, suka tafi. Zuwa na gaba ma haka. Kafin magariba baƙin ruwan ya dawo.

"Akwai munafuki a garin nan," in ji Ɗanliti. "Wani ke buga wa 'yan kamfanin waya, su rufe mai datti su kunna na bohol. In na kama shi, wallahi sai ya sha kofi guda na baƙin ruwan a gabana."

"Malam, in aka rufe kamfanin fa?" Safara'u ta ce a hankali. A garinsu na haihuwa an taɓa garƙame wani irinsa. Rafi ya bushe, maza suka fita ci-rani, ƙanenta har yau ba labari.

"Wa ya ce rufewa? Gyara za a sa su yi. Ke dai ki ji da ƙosanki."

Zargi ya faɗa kan Ɗan'auta, ɗan acaɓar da ke yini a mararraba. Dattawa suka karɓe wayarsa, aka kai wa mai unguwa ajiya. Ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe, ba wanda ya saurare shi. Safara'u kan tura masa ƙosai kyauta, ba ta iya haɗa ido da shi.

Ran Talata da hantsi farar mota mai lambar gwamnati ta rage gudu, ta karyo kwana. Daga mararraba zuwa kamfani sai an zaga ta gada, hanyar kuma duk ramuka ce.

"Ga su nan! Ga su nan!" Ɗan'auta ya yi tsalle. "Ku shaida, hannuna ba komai!"

Safara'u ta zabura. Ludayi ya suɓuce mata. Ta wawuro ɗanyen ganyen darbejiya da ke gefenta ta cusa a murhu, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, masu saye suka watse suna tari.

"Haba Inna! Ƙosai muka zo saya ko turaren aljanu?"

Ta sauke kasko, ta ja mayafi, ta bi mutane ta hanyar gona, bakinta na motsi da addu'a.

Ta tarar an yi cincirindo a bakin bututu. Ɗanliti na gaba, ya riƙo hannun Asiya don a ga ƙafafunta. Babban ma'aikacin ya sa safar hannu, ya tsuguna, ya cika kwalba, ya ɗaga ta sama.

Ruwa garai-garai.

Ya ɗiga magani a ciki, ya duba na'urarsa, ya girgiza kai. "Malam, na ga ƙafar yarinyar nan, ban ji daɗi ba. Amma ni abin da ya fito daga bututu nake aunawa. Wannan bai karya doka ba."

Ɗanliti ya cire hula ya buga da ƙasa. Ɗan'auta ya ce a ba shi wayarsa yanzu yanzu, kuma a nemi gafararsa a gaban kowa. Safara'u ta durƙusa ta ɗauki Asiya, duk girmanta, ta goya ta har gida. Mata suna cewa, "Sannu Safara'u, Allah zai saka miki."

Da la'asar ta koma mararraba, don ƙullun da ya rage ba zai kwana ba. Iska ta fara kawo warin nan da kowa ya sani. Can a lambuna injinan ban ruwa sun tashi, har da na Ɗanliti.

Bawa, mai gadin kamfanin, ya tsaya da kekensa ya ce a zuba masa mai zafi. Ya jira sai da rumfar ta zama ba kowa, sannan ya sunkuyo.

"Inna, yau hayaƙinki ya fi na wancan karon tashi. Daga kan tanki na hango shi, tun kafin su kai gada."