Wurin da Alƙalai Suka Yaba

Surukina na cikin 'yan takarar gwarzon jarumin bana, shi ya sa aka cika falona kallon fim ɗin. A mugun miji ya fito.

"Baba, duba nan," ya ce yana dariya. "Nan alƙalai suka fi yabawa. Babu shi a rubuce, ni na ƙara."

A fim ɗin ya rufe ƙofa, ya kwance agogonsa a natse, ya ajiye. Ko hannu bai ɗaga ba tukuna.

'Yata, matarsa, da ke gefena ta kare fuskarta da hannu biyu.

"Kin taɓa kallonsa ne?" na tambaye ta.

"A'a, Baba."

Na kashe talabijin. Na ce kowa ya fita, ban da jarumin.