Ba Wanda Ya Ce Amee

Tun kafin a kunna talabijin Maame Dufie ta kama kujerar lungu a wani gidan abinci a unguwar Adum da ke Kumasi, ta sa aka kawo mata fufu, sakwarar garin, da miyar gyaɗa. Ba yunwa ce ta kawo ta ba. Tana da talabijin a ɗakinta, amma ɗakin ba kowa sai ita, shirin Opuro kuwa ba na kallon mutum ɗaya ba ne.

Opuro kurege ne mai jar hula a wani shirin zane na yara. A da can, duk Asabar sai ya leƙo daga kan bishiyar koko ya kwarara "Agoo!", sallamar mai neman izinin shiga, yaran Kumasi kaf su amsa "Amee!" har kwanon rufi ya ɗauka. Sai an amsa yake saukowa. Shirin ya mutu shekara da shekaru, bana kamfanin da ke yin sa ya tashe shi da sabuwar murya, tun daga ranar kuwa gari ya ɗauki zafi. An ce in ƙorafi bai lafa ba, za a sallami mai sabuwar muryar.

Dufie ba ta zo neman abu mai yawa ba. Baki ɗaya tak take so ta ji ya amsa.

A teburin gabanta maza ne uku, ga tumbi ga furfura a gemu, duk Opuro ne ya rene su. Uban surutunsu Kwarteng, mai sayar da kayan mota a Suame.

Kiɗa ya tashi. Kuregen ya leƙo, sumul, yana ƙyalli kamar an shafe shi da man kaɗe. "Agoo!" Muryar ta fito da ɗan kaushi, ta karye a ƙarshe. Ya tsaya yana jira, kunnuwa a miƙe.

Tsit. Sai ƙarar taɓarya daga madafa.

"Chale, abokaina, kun ji ko?" in ji Kwarteng. "Kurege ne wannan ko tsohuwar akuya mai mura?"

Abokinsa Boakye ya ture kwano. "Sun kashe mana yarinta, na rantse. Ina yaron nan na da? Murya garau kamar ƙararrawar coci!"

"Ya mutu a Jamus," in ji na ukun.

"Ƙarya kake! Fasto ne a Takoradi, ƙanin matata ya gan shi."

Babu wanda ya san sunansa a cikinsu, don a wancan zamanin ba a rubuta sunan masu murya a ƙarshen shiri.

Dufie ta tsoma hannu a miya ta fito da shi ba loma. Ta kurɓi ruwan ɗumi daga gorar da take yawo da ita. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai. Ƙarti da iyali, a ce Amee ɗaya ta gagare su! Ita kam ba ta amsa ba. Ko a da ma ba ta taɓa amsawa ba.

Kwarteng ya zaro waya ya shiga bin tebura yana ɗaukar bidiyon da zai watsa wa duniya. Kowa ya kalli wayar ya ce, "Ku dawo mana da yaronmu!" Har mai abincin ta faɗa, tana dariya tana share hannu da zani. Sai ga Kwarteng a lungun Dufie.

"Maame, ke ma sa mana baki. Ai 'ya'yanki sun kalla."

"Ban haihu ba."

"Ayya. To faɗi don mu."

Ta yi gyaran murya. "Ɗana, ita wannan ɗin ba ta yi ƙoƙari ba?"

"Haba Maame! Ta je gida ta yi jinyar maƙogwaronta. Mu yaronmu muke so."

Ta dube shi. Ƙaton mutum, amma idonsa ya ciko kamar na wanda aka ƙwace wa alewa. Tausayinsa ya kama ta fiye da nata. Ta juya ga wayar ta ce a hankali, "Ku dawo musu da yaronsu."

Suka yi mata tafi. Boakye har da cewa tsohuwar nan ta san abin kirki.

Ta bar fufun ko rabi ba ta ci ba, ta fita cikin rana tana bin gefen titi, ba wanda ya waiwaye ta. Su yi ta nema har su gaji, ba a taɓa yin wani yaro ba: ita ce ta yi musu Agoo ɗin farko tana budurwa, ita ce kuma ta yi na yau.