Baduku da Ludayin Kindirmo

Kai da kake ƙorafin magani bai yi maka aiki a kwana biyu ba, gyara zama ka ji labarin wani baduku. Shekara ashirin da ɗoriya bawan Allahn nan bai taɓa rasa sahun farko a masallacin unguwarsu ba, daidai bayan liman, har mutane sun san gurbinsa suna bar masa. Sai zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. Aka ɗora shi kan kafso na mako biyu, zazzaɓi ya tafi, amma ya bar masa tsaraba: ciki ya kumbura tim kamar ganga, ga ƙugi, ga iska mai fita ba sallama. Zai yi alwala tsaf, kafin a kai raka'a ta biyu ta karye, sai ya kama hanci ya ratsa sahu ya fita. A Azahar da La'asar kuwa, da masallaci ke yin tsit, kowa na jin abin da cikinsa ke ciki. Kunya ta ishe shi. Dattijo guda ya koma bakin ƙofa kusa da takalma, kuma wallahi abin ya ci masa rai fiye da ciwon da ya tashi daga gare shi. Ya sha jar kanwa, ya tauna tafarnuwa, ya je kemis ya ƙaro kafso da kansa, abu sai gaba yake yi.

Akwai wata tsohuwa mai tallan nono da ke sauke ƙwaryarta a inuwar rumfarsa. Ta ga yana sassauta tazuge yana nishi, ta tambaya, ya faɗa mata da ƙyar. Ta ce, "Malam, mu idan mun dafa madara, ba ta zama kindirmo sai mun sa mata ludayin na jiya. Maganin nan ya wanke cikinka ne, ya kashe mugu ya haɗa da na kirki. A mayar masa da iri." Baduku ya ji maganar ta shige shi, nan take ya ce a juye masa ƙwaryar duka ya shanye, gobe ya koma gurbinsa. Ka ji ɗan Adam da gaggawa. Tsohuwa ta rufe ƙwarya da faifai ta ce ludayi ɗaya kullum bayan karin kumallo, ba ƙari. Kwana uku na farko ƙugin har ya fi na da. Ya tare ta rai a ɓace, ta yi dariya ta ce baƙi ne ke neman masauki, ya ba su lokaci. Ya daure don babu yadda zai yi. Mako ya zagayo, tazuge ya fara komawa inda yake. Mako na biyu ya ci tuwo da miyar kuka bai yi nishi ba, ya soma matsawa sahu ɗaya gaba, gobe wani. Ran nan, cikin mako na uku, ya yi alwala aka yi Azahar, ya koma rumfa ya ɗinka kuben wuƙa biyu, aka kira La'asar, ya miƙe zai ɗauki buta, sai ya tsaya cak. Ashe alwalarsa tana nan. Murna ta kama shi, ya bar rumfa a buɗe, tsoho da shi yana haɗawa da gudu-gudu. Ya wuce takalma, ya wuce sahu huɗu, maƙwabcinsa na sahun farko ya matsa masa. Ya yi raka'a huɗu cif, da liman ya sallame ya ji hawaye a gemunsa.

To, ka je ka ci gaba da abin da aka ɗora ka a kai, ka bar ƙirga kwanaki. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.