Farfesan da Ya Koya wa Gari Jira

Wani matashi ne ya dawo garinsu bayan shekara tara yana lodin kaya a bakin teku. Ya tarar an sare tsamiyar bakin tasha, shagon cajin waya ya maye gurbinta, an rufe rijiyar unguwa da siminti, kwalta kuma ta ratsa tsakiyar filin da suke buga ƙwallo. Wannan duk bai dame shi ba, gari dama ba ya tsayawa jiran kowa. Abu biyu ne suka tsaya masa a rai. Na farko, mahaifinsa ya yi shanyewar ɓarin jiki, magana ba ta fita sai da ƙyar. Na biyu kuwa ɗaure masa kai ya yi. A rumfar mahauta ya ga wani mai in'ina ya maƙale a kan kalma ɗaya, mahauci ya ajiye wuƙa, masu saye suka yi tsit, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ƙarasa masa. A garin da shi ya sani, da tuni an kwaikwayi mutumin har ya bar naman ya gudu.

Shi kuwa matashin mutum ne da ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya tambayi mahauci, ya tambayi direbobin tasha, kowa amsarsa ɗaya, wai aikin Farfesa ne, Allah ya jiƙansa, bara ya rasu. Gwaggonsa, wadda ke jinyar mahaifin, ita ta warware masa. Ta ce Farfesa ɗan maƙeri ne, da in'ina ya tashi, har ya kai shekara goma bai taɓa faɗin sunansa a aji ya kai ƙarshe ba. Ya yi karatu, ya shekara talatin a jami'a yana koyar da yadda ake gyara maganar wanda harshensa ya ƙi. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida ya buɗe zaurensa duk ranar kasuwa, ba ya karɓar ko goro. Kayan aikinsa madubi ne, da kyandir da ake hurawa don ƙarfin numfashi, da zuma da yake shafa wa yaro a leɓe ya ce ya laso. Amma ba ya duba marar lafiya shi kaɗai, sai an zo masa da ɗan gida. Shi ɗan rakiyar ake fara zaunarwa, a ce ya ɗora tafin hannunsa a gwiwa, kada ya ɗaga, kada ya buɗe baki har mai magana ya kai ƙarshe. Wai Farfesa yakan ce masu saurare sun fi masu in'ina wuyar warkewa. Shekara bakwai ana haka, har ya zama da wuya ka sami gidan da ba wanda ya taɓa zama a zauren nan.

Matashin ya ji ya yi murmushi kawai, don shi da damuwarsa ya zo. Wancan karon da ya tafi ko sallama bai yi wa tsohonsa ba, yanzu kuma kwana bakwai aka ba shi a wurin aiki, ya yi wa kansa alkawari ba zai taka mota ba sai ya ji albarka daga bakin mahaifinsa. Kullum da hantsi yakan zauna gefen tabarmarsa. Tsohon ya yunƙura, leɓe na rawa, ya ce “Can...” sai ɗan ya karɓe, can lafiya lau Baba, aiki na tafiya. Tsohon ya sake yunƙurawa, ya sake karɓewa, eh can akwai masallaci, can ina cin abinci. Shi a ganinsa sauƙaƙa masa yake. A kwana na huɗu tsohon ya juya fuska ga bango, ya daina gwadawa.

Gwaggo ta tsare shi a tsakar gida ta ce, “Kai ɗan nan, bakinka kamar injin niƙa. Kwana huɗu kana hira da kanka, ka ɗauka da ubanka kake yi.”

Washegari ya zauna, ya ɗora hannu a gwiwa yana jin kunyar kansa. Kokon da aka kawo ya huce, inuwar zankon soro ta matsa daga bakin ƙofa, sau uku harshensa na ƙaiƙayi yana cije shi. Can tsohon ya juyo, ya dubi hannuwan nan, ya fara jawo kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan guga a rijiya mai zurfi.

“Can... ka taɓa... ganin... inda teku... ya ƙare?”

Ashe abin da yake son tambaya ke nan tun ranar farko. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin garinsu ba, ɗansa ya shekara tara a bakin teku, shi kuwa so yake ya ji. Ɗan ya ce bai taɓa gani ba, ko manyan jiragen ma wata guda suke yi ba su ga ƙasa ba. Tsohon ya yi dariya da rabin fuska, ya sake jawo wata tambayar. Suna nan har azahar, tambaya biyar kacal aka yi. A bayan ta biyar ɗin, ba tare da an roƙa ba, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan ɗan ya sa masa albarka, kalma shida, ba wadda aka ƙarasa masa.

Ranar da matashin ke cusa kaya a jaka, gwaggo na ƙulla masa yaji da kuka a leda, bai ce mata ta yi sauri ba, duk da motar safe na iya cika. Ita ma ta lura, ta dube shi ta ce ai haka abin yake, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.