Ko Ɗigo Kar Shi Taɓa Ƙasa

Ranar da aka binne ƙanena Sani, bayan la'asar, Baba ya taso daga tabarmar masu gaisuwa ya shigo gida ya buɗe bonet ɗin akori-kurarsa. Da ita yake kwaso duwatsun zinare daga daji zuwa gidanmu a Dareta, Inna ta daka su a turmi. Shekarata tara.

Ya miƙo mini tsohuwar roba. "Tara nan, ɗiyata. Ruwan lagireto za mu canza."

Ya kwanta ƙarƙashin motar ya kwance wani ɗan murfi. Ruwan ya zubo da ɗumi, ja kamar kunun dawa, yana warin tsatsa. Da can a ƙasa yake sakinsa, kaji su bi suna sha. Ran nan kuwa, da hannuna ya karkace, sai ya yi wuf ya riƙe bakin robar.

"Ko ɗigo kar shi taɓa ƙasa. Yara na wasa nan."

Na dubi tsakar gida. Ga turmi, ga ƙurar dutse kwance inda Sani yake rarrafe. Ba yaro ko ɗaya sai ni. Lokacin ba wanda ya gaya mana gubar dalma ce cikin ƙurar nan.

Ya ɗura sabon ruwa, ya ɗauki robar ya kai can bayan gari.

Har yau in na tuna, ba na jin komai sai ɗumin robar a tafina. Kuma ban zubar da ko ɗigo ba.